Yadda Ake Kwatanta Yaro Idan Za A Ba Da Cigiyarsa

Ni nake riƙe da littafin cigiya a zauren mahaifina, wanda shi ne mai unguwarmu a nan cikin birnin Kano. Yaron da aka tsinta nan ake kawo shi, wanda nasa ya ɓata shi ma nan yake fara zuwa kafin ya wuce wajen 'yan sanda ko gidan rediyo. Abin da na daɗe da lura da shi, iyaye sun fi kowa sanin 'ya'yansu, amma idan aka zo kwatance sai bakinsu ya yi nauyi. Ka tambayi uba kamannin ɗansa, sai ya ce, "Ɗan yaro ne haka, kyakkyawa, yana da wayo, ba ruwansa." Bai yi ƙarya ba. Sai dai babu ɗan adaidaita ko mai shayin da zai gane yaro a bakin titi da wannan bayanin, domin kusan kowane uba haka zai ce a kan nasa.

Shawarata ta farko, a rubuta kwatancen yaro tun yau, yana gida yana wasa. Ranar da ya ɓata hankali ba ya jikin kowa. Na ga uwar da ita ta yi wa 'yarta wanka da safe, ita ta sa mata kaya, amma da azahar ta kasa tuna launin rigar. A samu takarda, kowane yaro da tasa, a ajiye ta tare da katin rigakafinsa, a kuma ɗauki hotonta a waya.

A fara da suna, don a nan al'adarmu take fara kawo cikas. Yawancin yaranmu suna biyu ne da su: na yanka da wanda ake kiransu da shi. An sa wa yaro sunan kakansa, sai aka sakaya ake ce masa Abba ko Baffa ko Halifa; yarinya mai sunan kaka ta zama Ummi ko Mama ko Walida. Yaro ɗan shekara uku bai san yana da wani suna ba sai wanda yake ji kullum. Idan ladan ya yi ta kiran sunan yanka a lasifika, yaron yana iya zama a shagon da ke jikin masallacin bai ko waiga ba. A rubuta duka biyun, a ja layi a ƙarƙashin wanda yake amsawa.

Akwai kuma alkunyar ɗan fari. Uwa takan zo tana kuka, Baba ya ce mata, "'Yata, yaya sunansa?" sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan ne dai," sai ƙanwar mijinta ce za ta faɗa. Ina ganin girman wannan kunyar, da ita aka raine mu. Amma idan kin san bakinki ba zai iya ba, ki taho da wanda zai iya, ko ki miƙo takardar. Takarda ta raba gardama.

Sai jiki. Faɗin shekaru kawai ba ya wadatarwa a wajenmu. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya haura rabi. Ke nan idan aka ce "ɗan shekara biyar", mai nema zai sa ido a kan yaron da ya kai girman nasa ɗan, alhali naku a ido bai wuce uku da rabi ba. A faɗi biyun: shekararsa kaza, amma a ido kamar ɗan kaza. Wannan magana tana yi wa iyaye ɗaci, na sani, don ba mai son ya ce ɗansa ya tsumbure. A daure a faɗa.

Tsayi kuma kada a ce "ya kawo min nan" ana nuna ƙugu, don mai karanta sanarwa a rediyo ba ya ganin ƙugun kowa. A jingina yaro da bango ba takalmi, a ɗora littafi a kansa, a yi alama da alli, a auna da tef. Wanda ba shi da tef ya je wajen telan da ya ɗinka kayan sallah, a minti ɗaya zai auna shi, kuma tsawon riga da faɗin kafaɗar yaron suna nan a littafinsa. A riƙa sabuntawa duk sallah, tunda dama ana zuwa wajen telan.

Wajen ƙiba da rama, a zaɓi kalma ɗaya da kowa zai gane: siriri ne, ko matsakaici, ko kakkaura, ko ɗan lukuti mai kumatu. Wasu iyayen ba sa son cewa yaro yana da jiki don tsoron baki. A ce masha Allah, a faɗa.

Launin fata shi ne inda aka fi samun saɓani a zaurenmu. Uwa ta ce fari ne, kawu ya ce wankan tarwaɗa ne, maƙwabci ya ce shi dai baƙi ya sani. Kowa da wanda yake gwada shi da shi: a gidan da kowa baƙi ne, mai ɗan haske sai a ce masa fari. Abin da nake yi, sai in tambayi wanda ba ɗan gidan ba, malamin makarantarsa ko mai shagon layi, in rubuta abin da ya ce. Mai nema bare ne, da idon bare zai duba.

Yanzu ga inda nake so a fi daɗewa, wato alamun da ba sa canzawa. Riga ana cirewa, kitso ana tsefewa, gashi ana askewa, har suna ana canzawa. A watan Oktoban 2019 'yan sandan Kano suka sanar da ceto yara tara da aka sace, akasarinsu a Onitsha ta jihar Anambra aka samo su, wasu sun shekara da shekaru a can, an kuma canza musu sunaye. A 2021 kotu ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104. Yaron da ya daɗe haka a hannun wasu, harshensa ma yana iya juyewa. Abin da ke jikin fata ne yake zama shaida.

Don haka ranar wanka, ki dubi ɗanki tun daga ka har tafin ƙafa kamar yau kika fara ganinsa. Akwai tawadar Allah? A ina, dama ko hagu, kuma girmanta ya kai ƙwayar gero ko ta wake? Tabon ƙuna, na ruwan zafi ko na salansar babur a ƙwauri, wanda yaranmu da yawa suke da shi? Tabon ɗinki a goshi ko a haɓa? Cindo, ko gurbin da aka cire shi? Cibiya ta fito? Gwame ne, ko ƙafar ta yi baka, ko yana ɗingishi? Bille ko wata tsaga, guda nawa, a wane kunci? Hujin kunne ɗaya ne ko biyu? Bahago ne? Dama da hagun nan a kula da su sosai, a rubuta na yaron, ba na mai kallonsa ba. Tabon allurar da ake yi wa jarirai a dantse ba ya rarrabe kowa, don yawancin yara suna da shi.

Haƙora suna taimakawa, amma a san iyakarsu. Wushirya alama ce mai kyau. Giɓi kuwa, daga wajen shekara 6 yaro yake fara famfara, wanda yake da giɓi yau bayan 'yan watanni ya cike. Haka makero a ka, yana warkewa. Irin waɗannan a sa musu kwanan wata.

Kaya ba su da wahala idan an yi dabara ɗaya: a riƙa ajiye ƙyallen da ya ragu a wajen tela. Yawancin ɓatan yara a zaurenmu lokacin taro ne, ranar idi, Hawan Daushe, Hawan Nassarawa, Takutaha, ko biki, kuma a irin ranakun yara anko suke sawa. Miƙa wa mutum ƙyallen atamfar, ko nuna masa ƙanin yaron sanye da irinta, ya fi dogon bayani. Kafin a fita taro a ɗauki kowane yaro hoto a tsaye, har takalmi. Hoton da za a ba da cigiya da shi kuma ya zama na ranar banza, ba hula, ba kwalliya, ba wanda waya ta wanke fuskar ta ƙara mata haske ba.

Maganar wayo ita ce iyaye suka fi kuskure a kanta, kuma ƙauna ce take jawowa. "Yana da wayo sosai" ba ya gaya mana komai. Abin da mai nema yake bukatar sani shi ne me yaron zai iya faɗa idan baƙo ya tambaye shi yana cikin tsoro. Ya san sunansa? Ya san sunan mahaifinsa na gaskiya? Yara da yawa da ake kawo mana, in ka ce "Yaya sunan babanka?" sai su ce "Baba", in ka ce "Ina ne gidanku?" su ce "Gidanmu." A gida an hana su kama sunan uba don ladabi, kuma daidai ne, amma a zaunar da su a koya musu cewa idan sun ɓata an yarda su faɗa: sunan uba, sana'arsa, sunan unguwa, da wani abu sananne kusa da gida, ko masallaci ne, ko makaranta, ko ƙofa irin Ƙofar Mata ko Ƙofar Na'isa. Lambar waya guda 11 ce. Yaron da ya iya haddace gajerun surori zai iya riƙe ta idan aka mayar masa da ita waƙa.

Kada ku gwada shi da kanku, don a gabanku zai zuba kamar karatu. Ku sa wani da bai saba da shi ba ya tambaye shi, ku kuna gefe. Abin da ya iya faɗa a nan, shi za ku rubuta.

Idan kuma yaron yana da wata lalura, don girman Allah kada a ɓoye. Bai fara magana ba duk da shekarunsa, ko yana i'ina, ko tsamin baki, ko ba ya ji sosai, ko ba ya waigowa idan an kira shi, ko yana da farfaɗiya, sikila ko asma kuma akwai maganin da yake sha. Na ga iyayen da suka yi shiru a kan wannan don gudun surutun mutane, aka yi ta neman yaro mai amsa kira alhali nasu ba ya amsawa. Faɗin lalurar yana sa wanda ya tsince shi ya gane shi da wuri, ya kuma san ko asibiti ya kamata ya fara kai shi.

Hali shi yake nuna inda za a nema. "Ba ruwansa" da "yana da ƙiriniya" a fassara su zuwa abin da yaron yake aikatawa. Mai ƙiwa, idan ya ɓata, yakan raɓe a lungu ko bayan shago ya yi shiru, ko an kira ba zai fito ba. Irinsa a duba kusa, a leƙa kango da ƙarƙashin tebura, kuma a sa muryar da ya sani ta yi kiran. Wanda ba shi da ƙiwa, kowa ya miƙo hannu zai bi, shi ne za a gaggauta kai maganarsa tashar mota. Sannan me yake ja masa hankali? Wani doki, wani ganga, wani masu wasa da biri, wani ƙwallo, wani kuma ruwa. Idan mai son ruwa ne, kafin a je ko'ina a fara duba rijiya, kududdufi da kwalbati.

Idan an haɗa duka, ga yadda cigiya mai amfani take fita: "Ana cigiyar yaro, sunansa na yanka wane, amma Abba yake amsawa. Shekararsa 5, a ido kamar ɗan 4. Siriri ne, wankan tarwaɗa, yana da wushirya da tabon ƙuna a ƙwaurinsa na dama. Yana sanye da shadda ruwan toka da silifas shuɗi. Ya san sunan unguwarsu, bai san lambar waya ba, yana i'ina kuma yana da ƙiwa. An rabu da shi bayan la'asar ranar kaza a wuri kaza." A haka ladan zai iya karantawa, ɗan sanda zai iya rubutawa.

Kada a zauna jiran gari ya waye. A raba mutane: ɗaya wajen mai unguwa da masallatai, ɗaya ofishin 'yan sanda mafi kusa, ɗaya ofishin Hisbah, ɗaya gidan rediyo, wani kuma ya tsaya a gida ko yaron zai dawo. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce. Idan an kwana ba labari, a leƙa gidan yara na Nassarawa, inda hukuma take kai yaran da aka tsinta, a kuma sanar da hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, tana da ofis a Kano.

Wajen sawa a Facebook da WhatsApp, a riƙe alama ɗaya ta ɓoye, wadda riga take rufewa, kada a rubuta ta. 'Yan damfara suna bin irin wannan sanarwar su kira su ce yaro yana hannunsu a turo kuɗi; duk wanda ya kira a tambaye shi wannan alamar, a kuma sanar da 'yan sanda. Lambar da za a sa ta zama ta kawu ko baffa mai dakiya, ba ta uwar ba. A rubuta kwanan wata a jikin hoton. Idan Allah ya sa an dace, a goge sanarwar, a kuma dawo a gaya wa mai unguwa, 'yan sanda da gidan rediyon, don mu ma mu soke sunan a littafi.