Yadda Ake Kafa Motar Kwana-kwana Mai Tsani Domin Ceto

Aikin motar kashe gobara mai dogon tsani ya dogara ne kacokan kan wurin da direba ya tsayar da ita, domin da zarar an sauke ƙafafun tokare, wato ƙarafan da ke tokare motar da ƙasa don kada ta kife, kuma an shimfiɗa mesar ruwa a bayanta, sake mata wuri yakan ci lokacin da waɗanda wuta ta ritsa da su ba su da shi. Saboda haka tun kafin a iso, sai sauran motoci su bar mata gaban benen.

Direba ya fara duba sama da ƙasa. A sama, tsanin ya nisanci wayar lantarki da aƙalla mita 3, ko fiye idan babbar waya ce. A ƙasa, kada a ɗora ƙafar tokare a kan murfin kwalbati ko ƙasa mai laushi, kuma a sa wa kowace ƙafa farantinta domin nauyin ya bazu. Inda hali ya yi, a tsaya daidai kusurwar gini, saboda daga nan tsanin zai iya kaiwa fuska biyu, kuma kusurwa ta fi tsakiyar bango aminci idan gini ya rushe.

Kada tsawon tsani ya ruɗi kowa. Wanda aka fi amfani da shi a Jamus yakan kai kimanin mita 30, amma ma'auninsa shi ne ceto daga tsayin mita 23 idan motar tana nesa da bango da mita 12, wato gwargwadon nisanta gwargwadon raguwar abin da za ta iya cimma.

Bayan motar ta daidaita, a ɗaga tsanin, a juya shi, sannan a miƙa shi. A nan ne ƙwarewa take bayyana: a kai kwandon da ke ƙarshen tsanin, wanda ake ɗaukar mutane a cikinsa, sama da tagar da za a yi ceton ko gefenta, sannan a sauko da shi a hankali, domin mutumin da ya firgita, idan ya hango kwando yana tasowa daga ƙasa, yana iya yin tsalle kafin ya iso. A fara da wanda wuta ko hayaƙi ya fi kusanta, ko da kuwa wani ya fi shi ihu, domin wanda hayaƙi ya galabaitar sau da yawa ba ya iya kiran kowa. Kuma kada a wuce nauyin da aka rubuta a jikin kwandon, gara a yi sawu biyu.