Lakca da Safe, Kwari da Rana: Yadda Muke Haɗa Su a Yini Ɗaya

Mu ranar Laraba muke haɗa lakca da zuwa Kantin Kwari, babbar kasuwar atamfa da yadi ta Kano, ni da mutuniyata 'yar Haɗeja da muke ɗaki ɗaya a hostal. A wannan zangon karatun, Laraba ce kaɗai ranar da lakcarmu ta ƙarshe ke tashi ƙarfe 12, tawa da tata duka, ga shi kuwa ba sashe ɗaya muke ba. To ke ma daga nan za ki fara. Ki ɗauko jadawalinki, ta ɗauko nata, ku nemo ranar da ku biyun za ku kuɓuta kafin Azahar. Juma'a ki cire ta daga lissafi, don da rana ta ɗaga hankalin kowa ya koma masallaci, tituna kuma sun cushe. Kwana goman ƙarshe na azumi ma ki haƙura da Kwari, sai in kina sha'awar a tattake miki ƙafa.

Lakcar safe kuma a shiga. Na san zuciya, tun ƙarfe 8 za ta fara raya miki cewa ai ta ƙarfe 10 ɗin nan ba wani abu za a yi ba, ku zame kawai. Kada ki biye mata. Sau ɗaya na taɓa yi, muna tsakiyar taya leshi saƙo ya shigo a gurup ɗin aji cewa Malam ya ce kowa ya yago takarda, gwaji za a yi. Leshin nan har yau in na ɗaura shi sai na tuna maki goman da na zubar da hannuna. Wadda ta zauna aka yi karatu da ita, ta sa hannu a takardar halarta, ita ke shiga kasuwa da sakakkiyar zuciya. Abin da nake yi dai shi ne in zauna kusa da ƙofa a lakcar ƙarshe, kuma tun da dare na rage kayan jaka: littafi ɗaya, biro, ruwa, sai wata jakar buhu da nake naɗewa in cusa a ƙasa. Kwamfuta a ɗaki take kwana ta yini.

Ku yi Azahar a makaranta, ku ci abinci a makaranta. Mai jin yunwa ba ya ciniki, duk abin da aka faɗa masa sai ya ce to don ya samu ya tafi. Ɗan wake da mai da yaji ya ishe ku, yana riƙe ciki har Magariba.

Daga Sabuwar Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo zuwa Kantin Kwari tafiya ce, ba nan kusa ba. A bakin get za ku samu adaidaita, ku bi ta Rijiyar Zaki ku sauka Kabuga, daga nan ku sake hawa wanda zai shiga gari. In kuka ce shata za ku ɗauka tun daga get har Kwari, kuɗin gyale guda kun ba direba. Hawa biyu ya fi sauƙi, kuma ku yi maganar kuɗi kafin ku sa ƙafa. 'Yan Tsohuwar Jami'a sun huta, su da ma a bakin gari suke. Mutuniyar tawa da ta zo Kano sabuwa ta yi ta tambayar dalilin da ake ce wa keken nan adaidaita sahu. Sunan wani shirin gyaran tarbiyya ne na zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, lokacin da aka kawo kekunan don ɗaukar mata, sai sunan ya bi su. Da aka hana acaɓa a 2013 kuma gari ya zama nasu.

Kafin ku sauka, kowa ta faɗa wa 'yar'uwarta abin da ya kawo ta da iyakar kuɗin da za ta kashe. A faɗa da baki, a ji. Wannan shi ne amfanin tafiya da ƙawa, kuma shi ya sa ba kowace ƙawa ake zuwa kasuwa da ita ba. Akwai wadda komai aka ɗago sai ta ce wayyo ya yi miki kyau. Wannan ki bar ta ku haɗu a biki. Ki nemi mai iya ɗaure fuska ta ce tashi mu tafi. Tawa haka take, in na fara shafa shadda Getzner da na san ko na sayar da wayata ba zan biya ba, sai in ji an ja min gefen hijabi.

Kwari gidaje ne da layuka, kowane gida shaguna cunkus a ciki, sama da ƙasa, ga masu tebur a bakin hanya. Har daga Nijar da Chadi da Kamaru ake zuwa sari, don haka za ki ji "hanya, hanya" a bayanki, ɗan dako ne da dila a ka, ki matsa da sauri, ba ya iya tsayawa. Samari za su tare ku: "Hajiya me ake nema? Anti ga sabon yayi." Ku amsa da fara'a ku wuce. Wanda ya raka ku shago yana da nasa kason, kuma a cikin kuɗinku zai fito. Zagayen farko na kallo ne kawai. Ku tambayi kuɗin abu ɗaya a shago uku, ba ku taɓa jaka ba, sannan ku san inda kasuwar ta kwana a ranar.

Yanzu ciniki, wanda ni shi ne daɗin zuwan gaba ɗaya. Gaisuwa tukuna. In dattijo ne, "Baba ina wuni, ya kasuwa?" In matashi ne, "Malam sannu da aiki." Kada ki nuna wadda ta tafi da ranki tun farko. Ki sa a sauko da biyu ko uku, taki tana ciki, ki tambayi kuɗin wata daban. Zai faɗa, sai ki ce, "Nawa ne gaskiyarta?" Zai ɗan sauko. Sai ki taya ƙasa da abin da kike niyyar biya, amma ba tayin wulaƙanci ba, don shi ma uban wasu ne, da kuɗi ya saro. Zai ce albarka. Albarka ba kora ba ce, ƙofa ce ya bari a buɗe. Nan ƙawarki za ta shigo, ta taɓe baki ta ce ita fa ta gidan baya ta fi kwanta mata. Ki ƙara kaɗan. In ya sake cewa albarka, ku yi godiya ku juya a hankali. Sau da yawa ba za ku yi taku biyar ba za ku ji "Zo Hajiya, kawo kuɗin." In bai kira ba, to da gaske ba ta sayuwa a haka, ba abin kunya ba ne ku dawo. Mu muna kuma gaya musu gaskiya cewa ɗalibai ne, kuɗin abinci muka tsuke. Wani ya yi dariya ya ce shi ma 'yarsa na makaranta, ya rage. Wani ko gezau. In kuma ku biyun a wuri ɗaya za ku saya, ku haɗa cinikin, turmi biyu ya fi saurin sa a sallama.

Da ya ce ya sallama, magana ta ƙare. Ba a fasawa bayan sallama, don haka duk dube-dube kafin nan ake yinsa. Turmin atamfa yadi 6 ne, a warware miki ki gani. Ki fito da ita bakin ƙofa, hasken rana ya faɗa miki launinta na gaskiya, don fitilar shago tana ƙara wa kaya kyau. Ki murza gefenta tsakanin yatsu. Mai auduga laushi take yi, mai roba santsi da sheƙi, kuma a zafin Kano za ki gane kurenki. Ki karanta rubutun da ke bakin zanen, ki tambaya kai tsaye, "Tana zuba?" In anko kuka zo saya, ku taho da ƙyallen a hannu. Hoton waya ya taɓa sa mu sayo shuɗi alhali kore amarya ta fitar, laifinmu ne kuma, ba na kowa ba.

Batun biya: ku riƙe tsabar kuɗi kaɗan na mota da ruwa, a aljihun ciki, sauran a tura ta waya. Sai dai sabis a cikin gidajen nan yakan yi nauyi, kuma mai kaya ba zai bari ku tafi ba sai ya ga alat. Ku zauna a bencinsa ku jira, yawanci har ruwa za a miƙo muku. Wayar dai ta kasance da caji, jakar kuma a gaba, ba a baya ba.

Kada ku ce sai kun haɗa kasuwa uku a yini ɗaya. Kwari da ƙarin wuri ɗaya ya isa. In gwanjo ko robobin ɗaki kuke so, Ƙofar Wambai na nan kusa. Takalmi da kayan shafa, Sabon Gari. Kasuwar Kurmi kuwa, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ranarta daban, don lungunanta ba a shigarsu da gaggawa, turare da kwalli da jakar fata sai an zauna an zaɓa.

La'asar a nan za ta same ku, ku tambayi mai shagon da kuka yi ciniki da shi inda mata ke salla, zai sa yaro ya nuna muku. Bayan nan ne lokacin gurasa. Bandashe nake nufi, wadda aka yayyafa wa ruwa aka barbaɗe da ƙuli da yaji, ga albasa da tumatir da man gyaɗa, a kora da zoɓo mai sanyi. Mu a leda muke sa a ƙulle mana, don ni ban iya ci a tsaye mutane na bangaza ta ba.

Ƙarfe 5 ta yi muku a bakin titi. Kuna wuce haka kun haɗu da tashin 'yan kasuwa, adaidaita ya yi wuya, kuɗinsa ya hau, Magariba ta riske ku a Kabuga. In kun isa ɗaki a shimfiɗa atamfar a kan gado, maƙwabta su shigo su taya, kowa ta faɗi nawa take zaton an saya. Mutuniyata takan rage dubu guda a kan gaskiyar kuɗin in an tambaye ta, wai don a san ta iya ciniki. Ni kuma lokacin nake janyo littafinta in kwafe abin da hannuna bai kai ba a lakcar ƙarfe 10 ta darasin da muke ɗauka tare, ina ci da hannun dama ina rubutu da shi, shafin duk man gyaɗa.