Yadda Ake Rayuwa da Maganin Tsinka Jini Bayan Ƙaramar Shanyewar Ɓarin Jiki

Ƙaramar shanyewar ɓarin jiki, wadda likitoci ke kira TIA, tana faruwa ne idan gudan jini ya toshe wata jijiya da ke kai jini ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, sannan hanyar ta buɗe da kanta. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya mutu, magana ta sarƙe, ko ido ɗaya ya daina gani, amma cikin 'yan mintuna, galibi ƙasa da awa guda, sai komai ya koma daidai. Wannan saurin warwarewa shi ke yaudarar mutane, alhali haɗarin cikakkiyar shanyewar jiki ya fi yawa a cikin awa 48 na farko. Don haka a je asibiti a ranar, ko da an ji garau.

Bayan bincike, likita kan ɗora majiyyaci a kan ɗayan rukuni biyu na magani. Aspirin da clopidogrel suna hana ƙwayoyin jini mannewa da juna, yayin da warfarin, apixaban, rivaroxaban da dabigatran ke rage saurin daskarewar jini, kuma an fi bayar da wannan rukuni na biyu ga wanda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai. Dukkansu suna sa jini ya daɗe bai tsaya ba, kuma a nan ne fargaba take shiga. Abin da ya fi damuna shi ne mutumin da zai ga jini a dasashinsa, ya tsorata, ya ajiye magani ba tare da ya gaya wa kowa ba, domin ya cire wa kansa kariya daga abin da ya fi jinin dasashi muni nesa ba kusa ba.

Wajibi ne a iya bambance zubar jini mai sauƙi da mai haɗari. Taruwar jini a ƙarƙashin fata bayan ɗan bugu, da jinin dasashi, da haɓo mai tsayawa, abubuwa ne da za a sanar da likita amma a ci gaba da shan magani. Idan haɓo ya zo, a zauna a sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan ɓangaren hanci na minti 10 zuwa 15 ba tare da saki ba. Ɗaga kai sama yana tura jinin cikin maƙogwaro ne kawai. Amma baƙin bayan gida mai kama da kwalta, jini a fitsari, aman jini, jinin al'ada da ya wuce kima, matsanancin ciwon kai na farat ɗaya, ko jinin da ya ƙi tsayawa duk da an danne, waɗannan na gaggawa ne. Haka ma wanda ya faɗi ya bugu a kai, ya je a duba shi ko da babu rauni a waje, saboda jini yana iya taruwa a cikin kai a hankali.

A sha magani a lokaci guda kowace rana, kuma idan an manta, kada a haɗa biyu don ramuwa. A guji ibuprofen da diclofenac, domin suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Paracetamol ya fi aminci. Magungunan gargajiya ma sai an tambayi likita. Mai shan warfarin zai riƙa yin gwajin jini na INR, mai auna saurin daskarewar jini, wanda yawanci ake so sakamakonsa ya tsaya tsakanin 2 da 3, kuma ba a hana shi cin korayen ganyayyaki masu bitamin K ba, abin da ake so shi ne kada ya sauya yawan da yake ci kwatsam. Mace mai shirin ɗaukar juna biyu ta yi magana tun da wuri, domin warfarin yana cutar da ɗan tayi. Buroshi mai laushi yana rage jinin dasashi, kuma kafin cire haƙori ko kowace tiyata a bayyana maganin da ake sha.

Gajiya da tsoron maimaituwar abin kan daɗe makonni, kuma ya dace a faɗa wa likita, a kuma tambaye shi lokacin komawa tuƙi. A kula da hawan jini, ciwon sukari da kitsen jini, a daina shan taba. Idan alamomin suka dawo, a lura da lokacin da suka fara, a garzaya asibiti, kuma kada a ƙara wa majiyyaci aspirin a gida kafin a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, domin mai yiwuwa jijiya ce ta fashe.