Darasi na 9: Karayar Wuyan Hannu da ta Kwatangwalo

Da damina, a wani ƙauye kusa da Ringim, Inna ta zame a bakin rijiya. Ta tokare ƙasa da tafin hannu, sannan ta faɗi a kan kwatangwalonta na dama. Ta kasa tashi. Ɗanta ya duba, ya ga ƙafar dama ta fi ta hagu gajarta, ta kuma juya waje. Wuyan hannun ya kumbura, ya karkace.

Maƙwabta suka ce a kira mai ɗori. Ɗan ya ce, "A fara ɗaukar hoton ƙashi tukuna." Aka kwantar da ita a kan ƙyauren ƙofa, aka sa ta a mota. Daga babban asibiti aka tura su Asibitin Ƙashi na Dala, a Kano.

Likita ya duba hoto ya ce, "Inna, karaya biyu ce. Ta hannun da sauƙi. Ta kwatangwalon ce ba ta jira."

"Ɗan nan, da tsufana za ku sa min ƙarfe?"

"Ai tsufan ne ma ya sa, Inna."

Mu fara da hannu. Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ƙashi biyu ne. Wanda ke ɓangaren babban yatsa shi ya fi karyewa, dab da gaɓa. Idan bai goce sosai ba, sai a gyara masa zama, a naɗa siminti na kamar mako 6. Idan ya farfashe, ko karayar ta shiga gaɓa, sai a yi aiki. Ko a soke shi da siraran ƙarafa da za a zare bayan mako 4 zuwa 6, ko a ɗora ɗan faifan ƙarfe a ɗaure da kusoshi.

Kwatangwalo kuwa wata magana ce daban. Ƙashin da ke karyewa a nan ɓangaren sama na ƙashin cinya ne, can ciki, nama ya lulluɓe shi. Kara da tsumma ba sa isa wurin, komai gwanintar mai ɗori. Idan karayar ta faɗa a wuyan ƙashin, jinin da ke ciyar da kan ƙashin yana iya yankewa. Shi ya sa wani lokaci ake riƙe shi da dogayen kusoshi, wani lokaci kuma, musamman ga tsofaffi, a cire kan a sa na ƙarfe. Idan ta ɗan yi ƙasa da wuyan, sai a sa faifai da babbar ƙusa, ko a zura sandar ƙarfe cikin ƙashin.

Likitoci sun fi son a yi wannan aiki cikin kwana 2. Dalili shi ne kwanciya. Tsohon da ya yi watanni a tabarma, gyambo yakan fito masa a baya, ciwon huhu ya kama shi, jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Waɗannan sun fi karayar haɗari. Ƙarfen ba shi ke haɗa ƙashi ba, riƙe shi kawai yake yi har ya haɗe da kansa, mutum kuma ya samu ya tashi da wuri. Ba ya tsatsa a jiki, kuma zancen wai yana jawo aradu, zance ne kawai.

Bayan an sallami Inna, ɗanta ya sama mata gado mai tudu da kujera mai huji, don tsugunno a masai bai kamace ta ba yanzu. Tana salla a zaune. Tana motsa yatsunta kullum, tana takawa da sanda yadda masu gashin ƙashi suka koya mata. An gargaɗe su: in yatsu suka yi sanyi, suka yi baƙi ko suka mutu, in ciwon ya fara ruwa ko zazzaɓi ya zo, su koma asibiti a ranar, ko da dare ne.

Aikin aji: rubuta waɗannan kalmomi a littafinka, karaya, gaɓa, ƙusa, kwatangwalo. Sannan ka gaya wa na kusa da kai alamu biyu da ɗan Inna ya gani a ƙafarta.