Babi na Shida: Cefanen Kayan Miya a Yankaba

Darasi na 1: Takardar cefane

Yankaba unguwa ce a Kano, a kan titin Haɗeja, cikin ƙaramar hukumar Nasarawa. Kasuwarta ta kayan gwari ce: tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, kabeji, karas da dankalin turawa. An san ta da 'yan sari masu ɗaukar kwanduna da buhuna. Amma yanzu magidanta da matan gida ma suna zuwa da kansu, don kashin tumatir a teburin unguwa ya fi tsada nesa ba kusa ba. Gida uku ko huɗu sukan haɗa kuɗi su sayi kwando guda su raba.

Kafin ku fita daga gida, ku ɗauko takarda da biro. Ku ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa. Takardar ta rabu gida uku ke nan. A gidan hagu ku rubuta sunan kaya. A na tsakiya ku rubuta yawansa: kwando, buhu, kwano ko kashi. Gidan dama na kuɗi ne, ku bar shi ba komai sai kun je kasuwa. Hagu shi ne wajen hannun da ba a cin abinci da shi. Daga nan ake fara rubutun boko, ba kamar ajami ba.

Misali:
tumatir, kwando 1
albasa, kwano 2
attaruhu, kwano 1

In rubutun ya karkace ba laifi. Muddin kuna iya karanta shi, ya yi.

Darasi na 2: Sifili

A nan ne mafi yawan ɗalibai ke tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan. Ku dubi waɗannan:

50 hamsin
500 ɗari biyar
5,000 dubu biyar
50,000 dubu hamsin

Lambar farko duk 5 ce. Abin da ya bambanta su sifili ne, wato wannan ɗan zagayen. Hamsin tana da sifili ɗaya. Ɗari biyar tana da biyu. Dubu biyar tana da uku. Ku ɗora yatsa a kan lambar, ku fara daga dama, ku ƙirga sifilin da baki: ɗaya, biyu, uku. Ƙaramar alamar da ke bayan 5 a cikin 5,000 sunanta waƙafi. Ba lamba ba ce. Tana nuna muku cewa lambobi uku ne a damanta, kun shiga dubu.

Ku sake. Dillali ya ce kwando dubu goma sha biyu. Ku rubuta 12, ku sa waƙafi, ku sa sifili uku: 12,000. Yanzu ku ɗora yatsa ku ƙirga. In biyu kuka samu, dubu ɗaya da ɗari biyu kuka rubuta, ku gyara. Wanda ya yi kuskure sau biyar ya gyara sau biyar yana kan hanya, kada ya ji kunya.

Dalilin nanatawar shi ne taransifa. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, 'yan kasuwa da yawa suna karɓar kuɗi ta waya ko ta POS. Sifili ɗaya da ya ƙaru ya mai da 5,000 zuwa 50,000, kuma kuɗin da ya fita dawo da shi sai an sha wuya. Kafin ku danna, ku ƙirga sifili. Mai POS ya miƙo muku na'ura, ku ƙirga sifili kafin ku sa lambar sirri. Ya ba ku rasit, ku sake ƙirgawa.

Wasunku sukan ce ai yaro zai duba musu. To, ranar da yaron yana makaranta fa? Kun zo aji ne don ku daina miƙa wa wani wayarku. Mai gaggawar da ba zai tsaya ya ƙirga zagaye uku ba, kada ya zo yana cewa an cuce shi.

Darasi na 3: Zaɓen kaya da ciniki

Ku je da sassafe, lokacin da ake sauke kaya, kafin rana ta dafa su. Kada ku saya a wurin farko. Ku tambayi mutum uku, ku rubuta kuɗin kowanne a bayan takarda, da sifilinsa cikakke.

Saman kwando kullum kyakkyawa ne. Ku ce, “Malam, a buɗe mana ƙasan mu gani.” Ku duba gindin kwandon: in yana ɗigar ruwa ko ƙuda ya taru, na ƙasa ya fashe saboda nauyin na sama da jijjigar mota. Tumatir mai tauri irin UTC ya fi jure ajiya, kuma ba ya cika ruwa a tukunya. Albasa ku matsa wuyanta. In ya yi laushi ta fara ruɓewa daga ciki.

Tumatir yana araha a lokacin sanyi zuwa farkon bazara, sa'ad da na noman rani daga Kadawa, Kura da Garun Malam ke shigowa. Da damina ta kama sai ya yi tsada, a koma kauɗa da na gwangwani. Ku taya ƙasa da abin da aka faɗa. In ya ce “albarka”, ku ƙara kaɗan. Sai ya ce ya sallama sannan ku cika gidan dama na takardarku. Sifili nawa? Ku ƙirga.

Darasi na 4: Rabon kuɗi

Kuɗin nan na koyon lissafi ne, farashi yana canzawa kullum. Kwando 12,000, ɗan dako 400, adaidaita sahu 1,200. Jimla 13,600. Gida huɗu ne, kowane gida 3,400. Ku lura 400 sifili biyu gare ta. Kada ku manta kuɗin dako da na mota, nan ne rigimar maƙwabta ke farawa.

Darasi na 5: Ajiya

Ku ware fasassun ku dafa su ranar. Sauran a wanke, a markaɗa, a tafasa har ruwan ya ƙone. Albasa a baza ta a inuwa, ban da leda.

Darasi na 6: Sauran kasuwanni

Hatsi a Dawanau, lemo da ayaba a 'Yan Lemo ta Na'ibawa, sukari da fulawa a Singa.

Aikin gida: ku rubuta ɗari takwas, dubu takwas da dubu tamanin da lambobi. Ku zo da takardar cefanen gidanku mako mai zuwa.