Yadda Ake Shigo da Ƙaton Jirgi Tashar Apapa

Tun da na ajiye aikin teku na dawo Fagge, samarin majalisarmu ba su bar ni na huta ba. Kullum tambayar ɗaya ce: Baba, wa ke shigo da jiragen da ke kawo kayan Kantin Kwari? To ku saurara. Kyaftin ya ƙetare teku da jirginsa, amma da ya iso bakin Legas sai ya jira jagora, wanda a can muke kira failot, ma'aikacin hukumar tashoshin jiragen ruwa ta NPA.

Idan kai ne jagoran, aikinka yana farawa tun kana ƙasa. Ka duba lokacin cikar teku da janyewarsa, ka san mita nawa na cikin jirgin ke cikin ruwa, don jirgin da ya yi lodi ba ko'ina yake bi ba.

Sai hawa, kuma nan ne ake rasa rai. Ƙaramin jirgi zai kai ka gefen babban, dukansu suna tafiya. Kyaftin zai karkata jirginsa ya tare maka iska, a sako tsanin igiya. Kada ka yi gaggawa. Ka bari igiyar ruwa ta ɗaga ƙaramin jirgin har ta kai ƙarshe, sannan ka kama tsanin da hannu biyu, ka hau ba waiwaye. Doka ta ce kada hawan tsanin ya wuce mita 9, in ya wuce sai a haɗa da matakala. Na taɓa ganin wani jagora ya taɓa igiyar tsanin, ya ji ta yi laushi, ya ce ba zai hau ba sai an canza. Kyaftin ya yi ta faɗa a rediyo, mutumin ko gezau. Gaskiyarsa.

Da ka shiga ɗakin tuƙi, a ɗaga tuta mai fari da ja, alamar jagora na ciki. Ku zauna da kyaftin ku fahimci juna: lafiyar inji, hanyar da za a bi, inda jiragen ja, wato ƙananan jirage masu jan babban, za su kama. Ba kai za ka riƙe sitiyari ba. Kai dai ka faɗi umarni, mai tuƙi ya maimaita da ƙarfi, ka ji da kunnenka. Jirgin kuma na hannun kyaftin har yanzu, sai fa a mashigin Panama inda jagora ke karɓar tuƙin.

Jirgi ba shi da birki. Kwanar da za ka yi can gaba, tun yanzu ake fara ta, kamar mai shigar da tirela lungun cikin gari. Ku tuna jirgin Ever Given, mai tsawon mita 400, da ya toshe mashigin Suwez kwana 6 a watan Maris na 2021, alhali akwai jagorori a cikinsa.

Wanda ke sha'awa, ya riƙe lissafi da fiziks, ya nemi makarantar koyon aikin teku da ke Oron a Akwa Ibom, ya yi shekaru a jirgi, ya samu takardar ƙwarewa daga NIMASA, hukumar kula da sufurin teku ta Najeriya. Iyo kuwa, a fara koya tun yanzu, amma ba a kududdufin unguwa ba.