Mota na mutu maka a kan hanya? Ka lura da yadda ta mutu kafin ka sayi komai

'Yan uwa masu jigila tsakanin Jidda da Makka da masu dogon zango zuwa Madina, kun san da zafi ya kankama daga Yuni zuwa Satumba sai ka ga motoci a gefen titi an ɗaga bonet. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake yi wa mutum a warsha, wato garejin gyaran mota, yau a canza fulogi gobe kwail jibi famfon mai, riyal na ta tafiya matsala tana nan daram. Alhali yadda motar ta mutu shi ke nuna inda ciwon yake, kuma kai ne a ciki lokacin ba bakanike ba.

Da farko dai ka tsira da ranka. In inji ya mutu kana gudu sitiyari zai yi nauyi, birki ma bayan taku ɗaya ko biyu zai yi tauri amma yana kamawa, sai dai ka danna da ƙarfi. Ka kunna sigina biyu, ka sa giya a N, ka gangara dama, kada ka murɗa makulli har ƙarshe don a wasu motocin sitiyari kullewa yake. In babban titi ne kowa ya fito ya koma bayan ƙarfen gefen hanya, a yankin Makka 911 ake kira.

To yanzu ka tuna, sai da ta yi ta fizga tana tari kana taka totur ba ta amsawa sannan ta mutu? Wannan galibi mai ne baya isowa. Ka kashe rediyo da AC ka murɗa makulli zuwa ON ba tare da ka tayar ba, ka kasa kunne wajen kujerar baya, ya kamata ka ji famfo ya yi zuuu kamar daƙiƙa 2. In shiru ne kada ka yi saurin cewa famfo ya ƙone, duba fiyus da rile ɗinsa (ɗan makunnin da ke ba shi wuta) tukuna, sau da yawa akwai wani rile irinsa sak a akwatin fiyus, kamar na hon, ka musanya ka gani. Kuma masu yawo da jar wutar mai a kunne kuna zuba na riyal 20 kullum, famfon nan a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi, in tanki kullum a ƙasa yake ga zafi ya haura 45 ai dole ya gaji da wuri.

In kuwa ɗif ta yi lokaci ɗaya babu fizga babu komai, ka yi ta ba ta wuta tana juyawa ta ƙi tashi, bayan minti 20 ko 30 ta huce ta tashi garau kamar ba ita ba, to ka fara zargin sansan karanshaf. Halinsa kenan, in ya ɗau zafi sai ya daina aika wa kwamfutar mota labarin juyawar inji, ita kuma ta yanke wuta da mai. Lokacin da kake ba ta wuta kalli allurar RPM, wadda ke nuna saurin juyin inji, a motoci da yawa tana ɗan motsawa, in ko gezau ba ta yi ba zargin ya ƙara ƙarfi. Wannan shi ya fi wahalar da mutane don kafin ka isa sana'iyya, wato unguwar kanikawa, motar ta warke, bakanike ya zaga da ita ya ce lafiyarta ƙalau. Ka ce a sa mata kwamfuta kafin kowa ya cire kan batir don kada lambar matsalar da motar ta ajiye ta goge, in P0335 ta fito shi ne ko wayarsa, a duba soket ɗin kafin a sayi sabo.

Akwai kuma wadda alamar batir ke fara kunnawa, fitilu su dushe, AC ya yi rauni, in ta mutu kuma ko juyawa ba ta yi sai ƙas-ƙas. Dainamo ne baya caji ko fanbel ya tsinke. Da mita ake ganewa, in mota a kashe take batir na ba da wajen volt 12.6, inji na aiki ya kamata ya ba da 13.5 zuwa 14.5. Dan Allah kada ka bari wani ya zare kan batir inji na aiki wai gwaji yake, dabarar tsofaffin motoci ce, a na yanzu tana iya ƙona kwamfuta. Ka girgiza kan batir ɗin ma da hannu, wani lokaci sako-sako ne kawai.

Wadda ke mutuwa a sulo kawai, a danja ko in ka kunna AC, yawanci datti ne a bakin totur, ƙurar ƙasar nan ba ta barin filtar iska ta daɗe, wanke bakin totur ɗin da sabuwar filta sun isa.

Amma in allurar zafi ta kai ja kafin ta mutu, kada ka sake tayarwa kuma kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan zai ƙona ka. Haka in ka ji inji na juyawa da sauri fayau babu nauyi, wataƙila taimin bel ya tsinke. Waɗannan biyun ka kira sadaha, motar da ke ɗaukar mota a bayanta, ta ɗauke ta, kuɗin ɗauka bai kai na gasket ba.

In za a canza kaya, kwail ko dainamo na tashlih, wato wanda aka ciro daga tsohuwar mota, babu laifi in an gwada a gabanka, amma sansa da famfon mai ni dai sabo na asali nake ba da shawara, kuma ka ce a ba ka tsohon da aka cire ka ajiye a but har sai motar ta yi sati ba ta mutu ba.